Mai shagon waya ya saka hoton ƙanwata da takardar NIN ɗinta a Facebook saboda bashi, mi doka ta ce?

Abban_Khairat (Ƙofar Ƙaura):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin shari'a da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan ku ba ni shawara, wallahi raina a ɓace yake kuma bana son in yi abin da zan zo ina nadama.

Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ɗinki take a gida. Ta amshi waya a wani shago nan cikin gari irin tsarin nan na biya kaɗan kaɗan, ta bada rabi sauran duk wata. Ranar da za su ba ta sun amshi fotokwafin takardar NIN ɗinta, suka ɗauke ta hoto riƙe da wayar, ta cike fom da adireshin gida da lambarta da ta mijin yayarmu a matsayin garanto. Ta biya har saura dubu 38, sai kekenta ya lalace ga jinyar mama, wata biyu ba ta kai masu komai ba. Kuma ba ɓuya ta yi ba, suna kira tana ɗauka tana ba su haƙuri.

Shekaranjiya sai ƙawarta ta kira ta wai ta duba Facebook. Shafin shagon sun saka hoton nan nata, da takardar NIN gaba ɗaya ko lambar ba su rufe ba, da lambar wayarta da kwatancen gidanmu, suka rubuta wai jama'a a yi hattara da wannan macuciyar. Yaron shagon shima ya ɗora a sitatus. Tun daga lokacin wayarta ba ta huta ba, 'yan iska na kira cikin dare, wani ma ya kira wai daga banki yake ta karanto mashi lambobin da aka turo mata. Abin da yafi ci mani rai an sa mata rana bayan sallah kuma dangin mijin sun gani, har uwar yaron ta aiko tambaya.

Na je na ishe mai shagon ya ce sai an cika mashi kuɗinshi zai sauke, kuma ai da hannunta ta sa hannu a fom. Abokaina wasu sun ce in kai shi wurin 'yan sanda wasu sun ce Hisbah wasu ma cewa suke mu je mu yi mashi rashin mutunci. Ni tambayata, akwai dokar da ta hana wannan? Ko don ana bin ta bashi shikenan ba ta da bakin magana?

Na_Bakin_Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa Allah ya ba ku haƙuri amma gaskiya ɗaya ce, ku fara biyan mutane kuɗinsu. Ni ɗan kasuwa ne kuma na san abin da muke gani, mutum zai zo da fuskar tausayi ya amshi kaya ka ba shi da zuciya ɗaya, daga nan ka koma kai ne mai roƙo, ka kira ya kashe, ka je gida a ce baya nan alhali takalminshi na ƙofar ɗaki. Jarin mutum kaɗan ne kuma shima wani babban dila ke bin shi a Kano. In ka kai kotu a yi ta ɗaga zama har kuɗin mota ya fi bashin. To mi kake so ya yi? Ai har hadisi akwai cewa mai hali in ya ja biyan bashi mutuncinshi ya halatta. Ban ce saka NIN daidai bane, wannan kam ya wuce gona da iri, amma dubu 38 ku haɗa a dangi ku ba shi ya sauke a rufe maganar, duk wata kotu ƙara tona yarinyar ne.

Barista_H:

Abban Khairat sannu da haƙuri. Kafin komai, kar ku je da rigima, ranar da aka ɗaga hannu a shagon nan ku ne za ku koma waɗanda ake tuhuma kuma duk hujjarku ta lalace.

Magana biyu ce a nan kuma mai shagon so yake ya haɗe su wuri ɗaya. Bashi daban, tona bayanan mutum daban. Ana bin ta dubu 38, wannan haƙƙinshi ne kuma yana da hanyar nema, ya bi garanto ko ya kai ƙara. Amma bashin bai ba shi lasisin watsa takardunta ba. Alhaji Na Bakin Kasuwa na fahimci ciwon 'yan kasuwa ƙwarai, amma doka ba ta ce in hanyar kotu ta yi maka tsawo ka yanke hukunci da kanka a Facebook ba.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidanshi, wasiƙunshi da maganganunshi na waya. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar da wata ƙungiyar lauyoyi ta yi da hukumar NIMC mai bada NIN, ta ce kare bayanan mutum yana ƙarƙashin wannan sashen. Sannan a watan Yunin 2023 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Mutane da yawa sun ɗauka bankuna da kamfanonin waya kawai ta shafa, a'a. Duk wanda ya tara bayanan mutane don harkar kasuwancinshi ya shigo ciki, ko shago ɗaya gare shi. Wanda ta ware shine mai ajiye bayanai don amfanin kanshi da gidanshi kawai, kuma shagon da ke amsar NIN na kwastomomi baya cikin wannan.

Zuciyar dokar a shari'arku ita ce, abin da aka amsa don wata manufa ba a juya shi zuwa wata. Ta ba su NIN don su tabbatar ita ce kuma su san inda za su same ta. Ba ta ba su don a nuna ma duniya ba. Maganar ta sa hannu a fom kuma, shi doka ta ɗora ma nauyin ya tabbatar ta yarda, kuma yardar dole ta kasance a kan abu takamaimai da mutum ya san mi ya yarda da shi. Sa hannu cewa zan biya duk wata ba yarda bace a saka hotona. Ko da a ce akwai layin da ya faɗi haka a fom ɗin, tana da ikon janye yardar, kuma tana da ikon neman a goge. Ku nemi kwafin fom ɗin, shima haƙƙinta ne ta ga abin da suke riƙe da shi nata.

Yanzu abin yi a yau ɗin nan kafin ya farga ya goge: sikirinshot na fostin ɗin yadda sunan shafin da kwanan wata za su fito, da kwament ɗin mutane, da adadin waɗanda suka yi shiya, da sitatus ɗin yaron. Ku kwafi link ɗin. In da hali ku ɗauki bidiyon fuskar wayar kuna buɗe shafin tun daga farko. Ku ajiye jerin lambobin da suka kira ta da lokutan, da risit ko alat na duk abin da ta biya. Kuma wayar da aka ɗauki hotunan da ita a adana ta, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar takardar bayani kan na'urar da hujja ta fito daga ciki, lauyoyi da yawa a nan suke kada shari'ar juna.

Daga nan a rubuta mashi wasiƙa da sunanta, ba da baki ba. A ce ya sauke cikin kwana kaza, ya goge kwafin da ke wayar yaranshi, ya fito ya janye kalmar da ya faɗa a wurin da ya faɗe ta. A kai a sa wani ya amsa ya sa hannu a kwafinku. Ni a aikina mafi yawan irin wannan a nan suke ƙarewa, takarda mai hatimin lauya tana sanyaya mutum fiye da hayaniya.

In ya ƙi, hanya biyu ce kuma ɗaya ba ta hana ɗaya. Ta farko koke ga NDPC, ana iya turawa ta intanet ba sai an je Abuja ba. Suna da ikon su umarce shi ya daina, su sa ya biya ta diyya, su kuma ci shi tara. Ga ƙaramin mai kasuwanci tarar na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na abin da ya samu a shekarar da ta wuce, duk wanda ya fi yawa, manya kuma miliyan 10 ko kashi 2. Amma ku sani tarar ba aljihunta za ta shiga ba, diyya ce tata. Ta biyu babbar kotu, ta jiha ko ta tarayya da ke nan Katsina, a shigar da ƙarar tauye haƙƙi a ƙarƙashin ƙa'idojin kotu na 2009 kan ƙarar haƙƙin ɗan Adam, a haɗa da sashe na 51 na dokar 2023 da ya ba wanda aka cutar damar neman diyya. Irin wannan ƙarar da rantsuwa a rubuce ake yin ta, galibi ba sai ta tsaya a akwati ana yi mata tambayoyi gaban jama'a ba, na faɗi haka ne saboda damuwar da Alhaji ya kawo ta ƙara tona ta.

Sai kalmar macuciya, wannan ɓata suna ne, babi ne na daban. Ku lura da bambancin: a ɓata suna in ya tabbatar abin da ya faɗa gaskiya ne ya tsira, to cewa ana bin ta bashi gaskiya ne amma macuciya na nufin da niyyar damfara ta zo, mutumin da ya biya mafi yawan kuɗi yana ɗaukar waya kuwa da wuya a tabbatar mashi da haka. A maganar sirri kuma gaskiyar abin ba kariya bace, NIN ɗin ai nata ne na gaskiya, shi ya sa ma fitar da shi ya zama laifi.

Malam_Daurawa:

Barista Allah ya saka da alheri. Ni hadisin da Alhaji ya kawo nake son in ɗan tsaya a kai don ana yawan jan shi inda bai je ba. Hadisin yana nan, Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito shi, amma da sharaɗi ya zo, mai hali, wanda yake da abin biya ya ƙi. Kuma malamai da suka yi bayanin halatta mutuncin cewa suka yi mai bin bashi ya iya kai kuka ya ce wane ya ƙi biyana, ko ya yi mashi magana mai kaushi, uƙubar da hadisin ya ambata kuma alƙali ke yin ta ba mai shago ba. Wanda ke cikin ƙunci kuwa aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta mashi har ya samu sauƙi. Yarinya keke ya lalace uwa na kwance, a wane ɓangare take? Sannan ko mai halin ne, ina aka ce a ba 'yan iskan gari lambar ɗiyar mutane da kwatancen gidansu? Takardar nan amana aka ba shi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, shi kanshi Alhaji ya ce dila na bin mai shago a Kano, zai so a liƙa hoton matarshi a kasuwar waya ta Farm Centre?

Shawarata ku haɗa da mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar layinsu lokacin kai wasiƙar. Kuma wani babba a gidanku ya taka ya je gidan surukan da risit ɗin biyan a hannu, kar a bar su da labarin Facebook kaɗai.

Maman_Hanif:

Hmm wannan labarin ya tuna mani da abin da masu bashin manhaja suka yi mani, kuɗi kaɗan na ci na makara kwana kaɗan suka bi duk lambobin da ke wayata suna tura saƙo wai ni ɓarauniya ce na gudu da kuɗin kamfani, har shugabar makarantar da nake koyarwa sai da ta samu, wallahi sati na yi bana iya fita. Na tura koke ta imel kuma gaskiya ba a amsa da wuri ba, don haka Barista ki faɗa masu gaskiya kar su zauna jiran Abuja fostin na nan yana yawo. Su dai manyan ana taɓa su, na ji an ci Fidelity Bank tarar sama da miliyan 555 a 2024, amma ƙaramin shago a Katsina yaushe layi zai zo kanshi.

Abin da nake so in ce ma Abban Khairat shine maganar wanda ya kira wai daga banki, wannan tafi komai gaggawa. Wanda ke da sunanka da NIN da lambar waya da adireshi rabin aikin damfara ya gama, saura lambar sirrin da ake turowa. Ta sani banki baya kira ya nemi wannan lambar ko PIN har abada. Ta sa ma layinta PIN, ta je bankinta da ƙafarta ta shaida masu, in layin ya ɗauke sabis haka kawai ta ruga ofishin kamfanin layin kar ta ce sai gobe. Kuma bayan kun gama ɗaukar hujja ku sa mutane da yawa su yi rifot ɗin fostin, Facebook da kansu sun hana saka katin shaida na wani, wani lokacin su suke saukewa kafin mai shi.

Abban_Khairat (Ƙofar Ƙaura):

Na gode ƙwarai jama'a, Malam na gode, Maman Hanif yanzu na kira ta na faɗa mata, Alhamdulillah ba ta ba shi lambar ba. Barista tambaya biyu dan Allah. Mu biya dubu 38 ɗin yanzu ko biyan zai kashe mamu ƙara? Don mijin yayarmu ya ce zai bada. Sannan mai shagon ya ce fostin ɗin ba shi ya yi ba yaronshi ne ke riƙe da shafin. Kuma gaskiya ba mu da kuɗin lauya mai yawa, 'yan sanda ba za su fi sauƙi ba?

Barista_H:

Ku biya in kuna da shi, ta taransfa ko da risit, a rubuta cikon kuɗin waya ne. Biyan baya goge abin da ya riga ya yi, hasali ma yana cire mashi abin da zai riƙa ɗagawa gaban alƙali. Abin da za ku kiyaye kawai kar ku sa hannu a wata takarda da ta ce an yafe komai ba tare da wani ya karanta maku ita ba.

Maganar yaro ba ta fitar da shi. Shafin shago ne, takardar daga fayil ɗin shago ta fito, don karɓo kuɗin shago aka yi, kuma dokar ta ɗora ma mai kasuwanci alhakin abin da ma'aikacinshi ya yi a bakin aiki. Balle da bakinshi ya ce maka sai an biya zai sauke, ka rubuta ranar da wanda ke wurin lokacin da ya faɗa.

'Yan sanda za ku iya kai masu masu kiran barazana da wanda ya yi yunƙurin damfarar, wannan aikinsu ne. Amma ba su ke bada diyya ba, kuma abin da na sha gani shine a je ofis a juye maganar ta koma ta bashi a ce ku biya ku tafi. In ma shi ya yi maku barazanar zai sa a kama ta, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Dokar laifukan intanet da mutane ke yawan ambata kuma an gyara sashe na 24 ɗinta a 2024 an taƙaita shi sosai, ban ba ku shawarar ku jingina da shi ba.

Maman Hanif gaskiyarki, hukuma na ɗaukar lokaci, shi ya sa na sa wasiƙa a gaba. Amma ana yi, tun 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA ta ci wani kamfanin bashi mai suna Soko Lending tarar miliyan 10 kan irin abin da aka yi maki, kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya FCCPC ma na karɓar koken masu bashin manhaja. Don kuɗin lauya, ku je ofishin Legal Aid Council mai ba marasa hali lauya ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, duk suna da ofis a Katsina, ko ƙungiyar mata lauyoyi FIDA tunda mace ce. Koke a wurinsu ba a biya. Kar dai ku sa ran miliyoyi, kotu na duba girman cutarwar da ƙarfin hujja, shi ya sa na dage kan jerin kiran nan da saƙon uwar mijin, in a rubuce ta aiko ku ajiye shi.

Na_Bakin_Kasuwa:

To Barista mu kuma 'yan kasuwa a faɗa mamu yadda za mu yi, don in an hana wannan wallahi da yawa za su daina bada bashi gaba ɗaya kuma talaka ne zai sha wuya. Ni dai daga yau na ce ma yarana kar wanda ya ƙara ɗora hoton kowa, amma garanto biyu zan riƙa amsa.

Abban_Khairat (Ƙofar Ƙaura):

Bayani ga waɗanda suka bi maganar. Mun biya cikon ta taransfa, an kai wasiƙar tare da shugaban layinsu, jiya da dare ya sauke fostin ɗin. Sai dai hoton ya riga ya shiga guruf guruf na WhatsApp, yau ma wani ya turo mani shi daga Batagarawa. Ya ce zai ba da haƙuri amma a shago gaban mutum ukku, baya son ya rubuta a shafin wai zai zubar mashi da kwastoma. Ƙanwata kuma ta ce ita a shafin take so tunda a nan dangin mijin suka gani. Barista mu amince ko mu dage?

Barista_H:

Ita aka yi mawa, ra'ayinta za a bi. Ku dage a shafin, ba tare da hotonta ko cikakken sunanta ba, ya rubuta cewa kwastomar da aka saka ranar kaza ta biya kuɗinta duka kuma kalmar da aka yi amfani da ita kuskure ce, ya bar shi a sama aƙalla sati biyu. A rubuta wannan a takardar sulhu tare da cewa ya maido fotokwafin NIN ɗin ya goge na waya, shugaban layin ya sa hannu a matsayin shaida. In ya ƙi zuwa Litinin ku turo koken NDPC, ka tura mani sikirinshot ɗin ta inbox in duba maku kafin ku aika.